Kwana tara a ƙasar da gajimare ke kwana cikin gona

Ƴan uwana matan asusu, na Maradi da Damagaram da Tawa da Yamai, da duk ƙauyen da takardar nan ta isa.

Tun da na komo daga Ruwanda ban huta da tambaya ba. A gidan suna tambaya, a bakin pampo tambaya, har cikin likita da na kai jikata awo wata ta riƙe mani mayafi: "Shugaba, wai da gaske ne dutse na aman wuta?" Bakina ya gaji. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau guda, wadda ta iya karatu ta karanta ma sauran ranar zubi, bayan an rufe akwati.

Mu shida muka tafi, duka shugabannin ƙungiyoyi, da wata yarinya ƴar boko mai yi mana tafinta. Wata ƙungiya mai zaman kanta ce ta ɗauki nauyin tafiyar. Dalili kuwa kun san shi: irin asusun nan namu na Mata Masu Dubara, a jihar Maradi ya soma a 1991, da hannun ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu ƙasashe da dama. Ruwanda na cikinsu. Ni dai na ɗauki abin kamar ɗiya ce muka aurar nesa, yanzu za mu je ganin ɗakinta.

Amma sai in faɗi gaskiya, na bar gida da rigima a bayana. Mu talatin ne a ƙungiyarmu, kowace na zuba dala hamsin a sati. Rabo ya matso. Ni da wasu muna son kowace ta bar jikka biyar cikin rabonta, a sayi jaki da amalanke da gangunan ruwa, don ruwa ya zame mana ciwon kai: in pampon unguwa ya ɗauke, ƴan matanmu sai sun fasa lakkwal su yini a rijiyar bayan gari. Wasu kuma sun ce atafau, kuɗinsu a tafin hannunsu, kowa ta san inda ke yi mata ciwo. Ban ga laifinsu ba, jikka biyar kusan kashi ɗaya cikin uku ne na abin da mace za ta ɗauka. Daren da zan tafi, Inna, wadda ta girme mu duka kuma take riƙe da makulli guda, ta ce mani: "Ke da za ki ƙasar mutane, ki gano mana ko can ma mata na faɗa a kan akwati, ko mu kaɗai Allah ya jarraba."

Daga Maradi zuwa Yamai mun yini a mota. Daga Yamai jirgi ya kai mu Adis Ababa, muka canza wani zuwa Kigali. Abin da ya fara tarbarmu a filin jirgi shi ne dokar leda. Tun 2008 suka hana ta a ƙasar baki ɗaya. Ni kuwa kilishina da ƙuli-ƙulina da garin yajina duk a leda na ƙulle su. Sai da na kwance ɗankwali guda na juye kayan ciki, Hajiyar Damagaram na yi mani dariya har da hawaye. Daga baya da na ga tituna da magudanan ruwa ba leda ko ɗaya, ba akuyar da za ta haɗiya ta kumbura, sai na daina jin haushi. Agogonsu yana gaban namu da awa guda.

Kwana ɗaya muka yi a Kigali. An kai mu Gisozi, wurin tunawa da kisan kiyashin da aka yi ma Tutsi a 1994, inda cikin kwana ɗari aka kashe mutane kusan miliyan guda. A wurin nan kaɗai an binne sama da 250,000. Akwai ɗakin hotunan yara, ban iya gama shi ba, na fito na zauna a inuwa. Tafintarmu ta gargaɗe mu kada mu tambayi kowa ƙabilarshi, ko da wasa. Mu da muka saba da wasan taubasai da na Bafillace da Babarbare, sai muka kama bakinmu.

Washegari muka ɗauki hanyar arewa zuwa Musanze, garin da ake kira Ruhengeri a da. Tafiyar ba ta kai awa uku ba, amma ban taɓa shiga hanya irin ta ba. Ba inda ta miƙe. Hawa, kwana, hawa, kwana, kunne na toshewa yana buɗewa, biyu daga cikinmu sai da aka tsaya suka yi amai. Samari na gangarowa a kan kekuna da buhunan dankalin turawa, wanda mu ke ce ma kwambitar, gudu kamar an koro su. Kowane tudu an nome shi har ƙoli, an yanka shi hawa-hawa kamar matakala don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Ƴar uwarmu ta Tawa ta ce abin ya tuna mata da jeren duwatsu da rabin-wata da suke yi wajen Keita, sai dai su can suna roƙon ruwa ya tsaya ne don kaɗan ne, nan kuwa don ya yi yawa. Ƙasar gaba ɗaya ba ta kai faɗin jihar Maradi ba, amma mutanenta sun haura miliyan 13. Kun ga dalilin da ba a barin ko taƙi guda ba shuka. A rabin hanya aka tsaya Nyirangarama, na sayi wani man barkono da suke kira akabanga, cikin ƴar kwalba kamar ta maganin ido. Kada ƙanƙantar kwalbar ta ruɗe ku, ɗigo biyu ya ishi kwano.

Da la'asar muka isa, ba mu ga komai ba sai farin hazo. Na ce ina duwatsun da ake faɗi? Aka ce in jira safiya.

Daren farko na san na bar gida. Musanze tana sama da teku da kusan mita 1,850, kuma duk hawan da ka yi sanyi ƙaruwa yake. A masauki an ba kowa bargo biyu da wata roba cike da ruwan zafi da ake sawa cikin shimfiɗa. Na ɗauka ta alwala ce, na ajiye ta gefe, na kwana ina makyarkyata. Sanyinsu ba irin na hunturunmu ba ne mai busar da leɓe, jiƙaƙƙen sanyi ne, yana shiga ƙashi. Zanen da na wanke ranar Talata bai bushe ba sai Juma'a, kuma ya bushe da warin gumi-gumi. Amma ga abin daɗi: kwana tara ban ji kukan sauro ba sai sau ɗaya ko biyu, kuma kaushin ƙafata da ya gagari man kaɗe ya kwanta da kanshi.

Da asuba na shimfiɗa dardumata na fuskanci gabas yadda na saba. Sai wani dattijo mai gadi, Musulmi ne, ya yi gyaran murya ya nuna mani wani gefe da hannu. Ashe daga can alƙibla arewa take, da ɗan karkata gabas. Musulmi kaɗan ne a ƙasar, amma akwai masallatai a garin, kuma shi ne ya nuna mana mahaucin da za a riƙa sayo mana nama, don naman alade na da kasuwa sosai a wurin.

Ina sallamewa gari ya waye, na ɗaga kai. Wallahi sai da na yi salati. Duwatsu biyar jere, kowane kamar an kife ƙatuwar ƙwarya, ƙafarsu cikin gonaki, kansu cikin sama. Mafi tsawo Karisimbi, mita 4,507. Sai Muhabura, mai tsini, wanda sunanshi ke nufin jagora, don daga nesa matafiya ke gane hanya da shi. Sai Bisoke mai tafki a ƙoƙon kanshi, da ƙaramin Gahinga, da Sabyinyo da aka sa ma suna don kanshi ya yi kama da haƙoran tsoho masu giɓi. A kan Sabyinyon nan iyakar ƙasa uku ta haɗu: Ruwanda, Uganda da Kwango. Don ku kwatanta, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar, can Bagzan cikin Ayar, mita 2,022 ne. Kafin a gama karin kumallo gajimare ya sake lulluɓe su kamar ba su.

To ga amsar tambayarku. E, dutse na aman wuta. Can cikin ƙasa akwai zafin da ke narkar da dutse ya koma kamar kunu mai tafasa. In ya sami kafa sai ya ɓullo, ya malala, ya huce, ya daskare. Amai bisa amai shekaru dubbai, shi ne tudun ke tashi. Waɗannan biyar na Ruwanda barci suke. Amma ɗan uwansu Nyiragongo, tsallaken iyaka cikin Kwango, idonshi biyu. A Janairun 2002 wutarshi ta ratsa tsakiyar birnin Goma. A Mayun 2021 ya sake, ya cinye gidaje a gefen birnin, mutane dubbai suka tsallako Ruwanda cikin dare da tabarmi da yara, girgizar ƙasa ta tsattsaga gidaje a garin Rubavu. Na tambayi wata mata me ya sa ba su ƙaura ba. Ta duƙa ta ɗebo ƙasa a hannu ta nuna mani: baƙa wuluk, laushi kamar gari. Tokar dutsen ce ta zama taki. Suna noma sau biyu a shekara, wasu har uku.

Kwana huɗu muka yi muna zuwa wani ƙauye kusa da Kinigi, gab da gindin duwatsun. Ranar farko muka tarar da zaman ƙungiya. Su suna kiran irin wannan ƙungiya ikimina. Ƴan uwa, ko kalma ɗaya ban ji ba, amma na gane komai. Ga akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku dabam. Ga ƴan littattafai ana buga hatimi. Ga kwano na musamman na taimakon rashin lafiya da rasuwa. Wata ta shigo a makare da goyo, ba wanda ya ce mata kanzil, ta wuce ta jefa tara cikin kwano ta zauna tana murguɗa baki, daidai yadda wata tamu ke yi, ba zan faɗi suna ba. Na ji ƙwalla ta cika mani ido. Bambanci guda, akwai maza uku a cikinsu, suna zaune a baya shiru.

Hira da su sai da haƙuri. Su yi Kinyaruwanda, wani malami ya juya Faransanci, yarinyarmu ta juya Hausa. In aka yi abin dariya, sai sun gama tasu dariyar sannan tamu ta zo.

A nan na ji abin da ya fi ba ni mamaki a tafiyar duka, ya fi dutsen wuta. Na ce masu, ku kam kun huta, ruwan da ke sauka nan ya ninka namu biyu ko uku. Sai suka dubi juna. Shugabarsu, mace kamar sa'ata, gajera mai kaurin hannu, ta tashi ta ɗauko wani baƙin dutse a bakin ƙofa, duk jikinshi huda-huda kamar soso. Ta zuba mashi ruwa daga moɗa. Ruwan ya shige ya ɓace. Ta ce haka ƙasarsu take tun daga nan har ƙasa, rariya ce. Ruwa na sauka kamar da bakin ƙwarya, kafin awa guda ya nutse, sai can gangare mai nisa zai ɓullo. Ba a gina rijiya, dutse ne. In ranin su ya zo, daga Yuni zuwa Agusta, mata da yara su ke tafiya ta awowi da bido a ka, wasu su saci jiki su shiga dajin da aka hana, inda ɓauna take, don neman ɗan ruwan da ya kwanta. Na ce ikon Allah! Na baro mata na wahalar ruwa a ƙasar rairayi, na iske mata na wahalar ruwa a ƙasar gajimare.

Ta kai mu bayan ɗakinta. An yi ma rufin kwano indararo, ruwan na gangarawa cikin wani babban tanki. Ta ce da kuɗin akwati suka saye shi, kuma yanzu fiye da rabin membobinsu na da irinshi. Nan na tuna saƙon Inna. Na ce a tambaye ta: "Yaya, da za ku fara, ba ku yi faɗa ba?"

Da tambayar ta isa, dariya ta tashi, wata tsohuwa har da tafi. Shugabar ta ce faɗa kai! Mata uku suka fice daga ƙungiya, ɗaya ta shekara ba ta gaishe ta. Abin da ya kawo rigimar shi ne kowa na tsoron kuɗinta zai tafi gina tankin wata, ita kuma ta mutu ba a zo kanta ba. Sai suka zauna suka yi doka uku, suka rubuta, kowa ta dangwala. Ta farko, tanki bashi ne ba kyauta ba, mai shi za ta biya akwati a hankali. Ta biyu, ba shugaba ke zaɓen wadda za a fara da ita ba, ƙuri'a ake ja a gaban kowa, kuma shugaba da ma'aji da masu makulli sunansu ba ya shiga sai na kowa ya fita. Ta uku, wadda ta samu dole ta ba masu jira bido biyu a rana muddin akwai ruwa. Na ce to yaya ke kika samu, ke da kike shugaba? Ta ce ai lokacin ba ita ce shugaba ba, wadda ta riƙe su a lokacin har yau ba ta da tanki, ga ta can zaune. Na dubi matar. Ta ɗaga kafaɗa kawai.

Doka ta biyun nan ta tsaya mani a rai, don na san abin da wasu ke raɗawa a ƙungiyarmu: wai amalanke a gidan shugaba zai riƙa kwana, ɗanta ne zai riƙa kora shi.

Sauran abin da na gani a ƙauyen zan taƙaita. Wakensu mai hawa ne, ana kafa mashi sanda ya nannaɗe ya fi mutum tsawo; tunda gona ba faɗi sai ta yi sama. Saniya ba ta kiwo, tana cikin garke a bayan ɗaki ana yanko mata ciyawa. Gwamnati na da wani tsari tun 2006, Girinka, a ba matalauci saniya, in ta haifi mace ya miƙa ma maƙwabci. Na ce wannan ai habbanaye ne, mun gada wurin Fulani, da awaki mu ke yi. Asabar ɗin ƙarshen wata kowa na fita aikin gayya da safe, umuganda, kantuna a rufe. Mu ma an ba mu fartanya muka share magudana. Takardar gona kuwa da sunan miji da na mata ake yin ta, uwar masaukinmu ta fito da tata daga ƙarƙashin katifa ta nuna mana da yatsa. A majalisar dokokinsu mata sun haura 60 cikin 100. Duk da haka wadda na gani cikin laka tun sassafe, da fartanya da goyo, mace ce. Wannan kam ko'ina ɗaya ne.

Abinci wake da kwambitar, kwambitar da wake, wani lokaci da ayaba dafaffa ko miyar ganyen rogo. Ba gero, ba fura. An miƙo mana giyar ayaba don girmamawa, muka ba da haƙuri, aka kawo kindirmo mai kauri da suke kira ikivuguto, na sha har na manta kewar gida. Na lura wakensu na yini a wuta. Malamin ya ce a kan tudu ruwa na tafasa tun bai yi zafin da yake yi a ƙasa ba, shi ya sa girki ke jinkiri, itace na ƙarewa. Ni da iyayi sai na zaro ƴar kanwar da nake tafiya da ita saboda ciki, zan koya masu dubara. Matar gidan ta sansana, ta lasa, ta shiga ɗaki ta fito da nata irin. Na maida tawa jaka.

Ranar shida aka ce za a shiga daji. Dajin nan na kan duwatsu an killace shi tun 1925, kuma cikinshi ne goggon birin tudu ke zaune, wanda duk duniya ba shi sai a duwatsun nan da wani daji na Uganda. Duka-duka sun ɗan haura 1,000. Ƙarfe bakwai muka isa ofishin Kinigi, ga Turawa cike da motoci. Kuɗin ganin goggo na awa ɗaya tak dalar Amurka 1,500 ne, wajen jikka ɗari tara kenan. Na yi lissafi a tafin hannuna: zubin ƙungiyarmu gaba ɗaya na shekara biyu da wata huɗu. Ana yi ma ƴan Afirka ragi, amma ko ragin ya fi ƙarfinmu. Mu an biya mana hanya mai sauƙin kuɗi, ta zuwa Karisoke. Don haka masu tambaya, ban ga goggo ba. Na ga kashinshi, na ga inda ya karya ganye ya yi shimfiɗa ya kwana. Iyakarta kenan.

Aka ba mu hayar takalman roba da sanda. Na sa wando a ƙarƙashin zane. Muka ratsa gonakin kwambitar da na wani farin fure, piretiram, wanda ake maganin sauro da ƙwari da shi. Sai ga katangar baƙin dutse da aka jera ba siminti, ta yi tsawon kilomita masu yawa, don tare ɓauna. Wannan gefe gona, wancan gefe daji, kamar an yanka da wuƙa. Wani mai bindiga ya shige gaba saboda ɓaunar.

Ban san yadda zan kwatanta maku dajin ba, ku da ni mun saba da gawo da aduwa da ƙalgo, itace nan, itace can, rana a tsakani. Nan ba ka ganin jikin itace. Kowane reshe an yi mashi riga da gansakuka mai kauri kamar katifa, a kan gansakukar wasu ganyaye sun tsiro, a kansu wasu zare-zare na reto kamar gemun tsoho. Shuka bisa shuka. Ƙasa laka ce har ƙwauri, in ka zaro ƙafa sai takalmin ya ce zai zauna. Akwai wani ganye mai ƙaiƙayi da ya harbe ni ta cikin zane da wando duka, cinyata ta yini tana zogi. Muna cikin hawa sai ga gajimare ya shigo tsakanin itatuwa, a hankali, kamar hayaƙin ɗanyen itace amma mai sanyi. Ta gabana ta ɓace mani. Hazonmu na hunturu ƙura ne, yana shaƙe maƙogwaro. Wannan ruwa ne, yana kwanciya a gira da gashin hannu. Ba a ruwan sama, amma ko'ina ɗis, ɗis, ɗis.

Jagoran ya tsaya ya matse gansakuka a hannu, ruwa ya zubo kamar an matse tsumma. Ya ce iska mai ɗumi ce ke tasowa daga ƙasa da laima, in ta hau dutse ta huce sai ta zama gajimare, ganye da gansakuka su tace ruwan, su riƙe, su riƙa sakinshi kaɗan-kaɗan. Inda aka sare daji kuwa ruwa a guje yake saukowa da ƙasa da duwatsu. A farkon Mayun 2023 ambaliya da zaftarewar ƙasa sun kashe sama da mutum 130 a yammaci da arewacin ƙasar cikin dare guda.

Wajen mita 3,000 muka nufa, numfashi ya soma gagarata. Iskar sama ba ta ƙosarwa, ka ja ka ja kamar ba ka ja ba, zuciya na duka har cikin kunne. Hajiyar Damagaram ta zauna a kan wani kututture ta ce ko da kuɗi ba ta ƙara taki, aka bar ta da mutum guda. Ni ma saura kaɗan. Wata yarinya cikin masu ɗaukar kaya, ba ta fi ɗiyata ta biyu ba, ta kama hannuna ba ta ce komai ba, ta riƙa ja na tudu bayan tudu. Kalma ɗaya na iya, murakoze, wato na gode. Na faɗe ta ta fi sau hamsin.

Karisoke yanzu kufai ne, daji ya cinye. Wata Ba'amurkiya, Dian Fossey, ta kafa sansani a wurin a 1967 don nazarin goggo, ta haɗa sunan Karisimbi da Bisoke ta sa mashi. Shekara 18 tana can, tana yaƙi da masu farauta, har aka kashe ta cikin ɗakinta a Disamban 1985. An binne ta a wurin, a tsakiyar kaburburan goggon da ta sani da sunansu. Ba kowa ke ambatonta da alheri ba, don ta yi ma makiyaya da maharba tsanani ƙwarai. Na tsaya a kan kabarin ina ta tunani, mace ba ɗa ba dangi kusa, cikin wannan sanyi. Ban san me zan ce ba, na juyo.

Yau goggon ya zama dukiya. Tun 2005 kusan kowace shekara ana yi ma jariranshi bikin suna a Kinigi, Kwita Izina, manyan baƙi na zuwa daga ƙasashe. Na tambaya ko ana yanka rago, aka ce a'a. Kashi 10 cikin 100 na kuɗin da dajin ke kawowa ana maida shi ga ƙauyukan gefe, an gina azuzuwa da ɗakunan likita da tankunan ruwa. Amma da na koma ƙauye na ce ma shugabar sun ji daɗi, sai ta yi shiru tukuna. Ta ce ɓauna ba ta san katanga ba, bara ta tsallako ta tattake mata rabin gona a dare ɗaya. Kuma ana shirin faɗaɗa dajin, wasu iyalai za su tashi a sake masu matsuguni. Ba ta sani ba ko gonarta na ciki. Ta ce in an tashe su, a ɗauki akwati a tafi da shi, amma tankin maƙwabciyarta na dutse da siminti fa?

Ranar da za mu rabu ta ba ni dutsen nan mai huda-huda, na ba ta sauran kilishina da turmin atamfa guda da muka haɗa kuɗi muka saya. Duk wadda Allah ya ba irin tafiyar nan gaba, ta riƙe rigar sanyi mai kauri da safa, da zannuwa masu saurin bushewa, ta bar leda a gida.

Na iso Maradi hunturu ya fara, kafin kwana uku kaushina ya dawo. Ranar Alhamis aka yi zubi. Na ɗora dutsen bisa akwati, na zuba mashi ruwa, kowa ta taso ta gani, sannan na ba su labarin tanki da doka uku. Tanki ba zai yi mana ba, damina wata uku ce kuma yawancin ɗakunanmu soro ne. Amma na ce in an yarda da amalanke, a rubuta cewa ba zai kwana gidana ba, ko gidan ma'aji, ko na masu makulli, kuma ɗana ba zai kora shi ba; ƙuri'a za a ja. Faɗin haka bai yi mani daɗi ba, yaron ba shi da aiki tun da aka gama girbi, kuma na riga na sa mashi rai.

Aka ɗaga hannu. Goma sha bakwai sun yarda, tara sun ƙi, huɗu sun ce sai sun shawarci mazansu. Dokarmu ta ce abin da ya shafi rabo sai da mutum ashirin. An ɗage zuwa Alhamis mai zuwa. Inna ta ɗauki dutsen ta jujjuya shi, ta ce ashe can ma suna faɗa, sannan ta tambaya ko zan ba ta aronshi ta goge ƙafa.